Aikin garka ya fi ƙarfin maigidana, ta ina zan kama masa?

Tambaya: Maigidana ya haura shekara 65. Yana da garka a bayan Mirya, yana noman salati, shu (kabeji) da albasa. Yanzu kullum dare sai kukan baya da gwiwa, ƴaƴanmu maza kuma duk suna ci-rani. Ni ma ba yarinya ba ce. Yaya zan taimaka masa ba tare da mun kwanta mu biyu ba?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa Malam lafiya. Kada ki sauke kayan daga bayansa ki ɗora wa naki. Kayan ne za ku rage, kuma mafi nauyinsu ruwa ne.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Da rani kayan garka suna shan kamar lita 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita a yini. Garka mai murabba'in mita 200 ke nan tana neman lita 1,200 ko kusa da haka kowace rana. Da arozuwar (butar ban-ruwa) biyu masu lita 10, sawu 60 ne, ban da jan guga. Abin da ke cin bayan Malam ke nan, ba shuka ko tsinka ba.

In akwai injin ban-ruwa, ko na haya ne, a ɗora duro mai lita 200 bisa dakali mai tsawon mita ɗaya a tsakiyar garka, a sa masa tiyo a gindi. Inji ya cika, ruwa ya gangaro da kansa, ke ki riƙe bakin tiyo kina bin fangali. A ɗaura tsumma a bakin don kada ƙarfin ruwa ya tone saiwa. In babu inji, a ɗauki saurayi don jan ruwan safe kawai, ko a ba shi wani yanki ya noma a raba amfani. Wannan ya fi kuɗin magani araha.

Sai a rage ƙishirwar ƙasar. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko dakakken karan gero mai kaurin yatsa uku tsakanin shuka, amma kada ya taɓa gindinta, kuma a riƙa ɗagawa ana duba gara. Salati ma a rage shi, don yana son ruwa safe da marece. Zogale kuwa in ya kama ba ya neman wannan hidima.

Kalme mai gajeren ƙota shi ke sa mutum ya yini a duƙe. A kai wa maƙeri ya sa doguwa. Faɗin fangali kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, ki zauna kan ƴar kujera ki yi cirar ciyawa da dashe. Buhun taki mai kilo 50 a kasa shi kashi biyar kafin a ɗauka. Wurin ɗauka a lanƙwasa gwiwa, a rungumi kayan a jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri. Aiki daga bayan asuba zuwa ƙarfe 10, sai bayan la'asar. Ki miƙa masa ruwa ko bai nema ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne ƙwayoyin masu talla. Diclofenac da ibuprofen suna iya ɓata ciki da ƙodar tsoho, balle mai hawan jini da ke aiki cikin rana. Tramadol kuwa rufe ciwon yake, mutum ya ci gaba da ɓarnar jikinsa. Ciwon ƙirji, jiri, numfashi sama-sama, kumburi a matsematsi, ko ciwon baya mai sauka ƙafa da kasala: a ajiye aiki a tafi likita ranar. In yana da ciwon suga, kada ya shiga garka ba takalmi, ki duba tafin ƙafarsa kowane dare.

Kada ki ce masa ya tsufa, zai ƙara ƙaimi ne don ya nuna miki. Ki ce: "Malam, koya mini dashen albasa." Zaɓen iri, lokacin dashe da ciniki da ƴan sari su zauna a hannunsa.