Tambaya da Amsa: Karan dafi da kanumfari na warkar da sikila?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara bakwai yana da sikila. Wata maƙwabciyata ta ce in sayo karan dafi, kanumfari da masoro a Kurmi, in riƙa dafa masa, wai har gwamnati ta taɓa yin magani da su. Gaskiya ne? In daina kai shi asibiti? — Wata uwa daga Gwammaja

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, amma rabin zancen ta kamo. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta haɗa wani magani mai suna Niprisan daga tsirrai huɗu, uku a cikinsu su ne waɗanda kika lissafa. An gwada shi a kan masu sikila 82, aka ga ciwon ƙashi ya rage yawan tashi. Ragewa fa, ba warkewa ba. Sikila gado ce daga uwa da uba, babu saiwar da ke canja irin jinin da aka haifi mutum da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne awo. A gwajin, gwargwadon nauyin mutum ake ba shi, miligiram 12 a kowane kilo. Tukunyarki kuwa yau ta yi kauri, gobe ta yi tsululu, ba ki san abin da ya shiga cikin yaron ba. Kanumfari idan ya yi yawa yana taɓa hanta, hantar mai sikila kuma dama a wahale take. Jan ruwan karan dafi ma na ruɗin iyaye: launin ganye ne kawai, ba jini ba. Matsalar ɗanki ita ce ƙwayar jininsa tana fashewa cikin kwana 10 zuwa 20, ta mai lafiya kuwa tana kai wa kwana 120. Shi ya sa ma kada ki saya masa maganin ƙarin jini a kemis, musamman idan an sha ƙara masa jini, don sinadarin ƙarfe yana taruwa a hanta da zuciya.

Asibiti kam, kada ki kuskura ki bari. Ki tambayi likitansa batun haidroksiyuriya, wani maganin asibiti da ake ba masu sikila. A nan Kano, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, aka yi binciken amfani da shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Ki nemi a yi masa hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa sau ɗaya a shekara. Folik asid da rigakafin zazzaɓin cizon sauro kullum, ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, da rigar sanyi da safa in hunturu ya kama. Zazzaɓi, numfashi sama-sama, ko tafin hannu ya yi fari fat, ki ɗauke shi a daren, kada ki jira tukunya ta tafasa.

Tambaya: Fasaƙwari fa, Likita? — Mai karatu daga Fagge

Amsa: Malam, tun shekarun 1970 masu bincike a Ife suka ga saiwar wannan itacen tana hana ƙwayar jinin masu sikila lanƙwashewa a cikin kwalbar gwaji. Kwalba daban, jikin yaro daban. Duk abin da kake ba shi na gargajiya, ka kai wa likitansa ya gani da ido, har da adadin kofin da yake sha a rana.