Kun Tambaya, Mun Amsa: Neman Gurbin Zaman Baƙunci ga Marubuta da Masu Zane

A 'yan watannin nan wasiƙun da suka fi yawa a wannan fili sun shafi sanarwowin da cibiyoyin adabi da fasaha ke fitarwa suna gayyatar marubuta da masu zane. Mun zaɓi huɗu daga ciki, domin tambayoyin da ke cikinsu su ne ake ta maimaitawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni marubuciyar gajerun labarai ce, kuma ina yawan cin karo da sanarwar da ke neman marubuta su je wani wuri su zauna su yi rubutu. Mene ne ainihin wannan zama, kuma da me ya bambanta da gasa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Zaman baƙunci tsari ne da wata cibiya ke karɓar marubuci ko mai zane ko mawaƙi na wani ƙayyadadden lokaci, ta ba shi wurin kwana da ɗakin aiki, ta ɗauke masa hidimomin yau da kullum, domin ya mai da hankalinsa kacokan kan aikin da ke gabansa. Al'adar ta daɗe. Tun a 1666 Faransa ta kafa makarantarta a birnin Rum, inda take tura matasan masu zane da sassaƙa su zauna su ƙware. A Amurka an kafa MacDowell a jihar New Hampshire a 1907, Yaddo da ke jihar New York ta fara karɓar baƙi a 1926, sannan a 1967 Paul Engle da Hualing Nieh suka assasa shirin marubutan duniya a Jami'ar Iowa, wanda ya karɓi marubuta daga ƙasashe fiye da 150. A Afirka ma akwai irin waɗannan gidaje: Ebedi da Wale Okediran ya buɗe a Iseyin a 2010, da Black Rock da mai zane Kehinde Wiley ya kafa a Dakar a 2019.

Bambancinsa da gasa yana ga abin da ake dubawa. Gasa tana auna aikin da aka riga aka kammala, ta ba shi kyauta. Gidan baƙunci kuwa yana sa ransa ne a kan aikin da bai ƙare ba, yana ba ki lokaci da natsuwa don ki ƙarasa shi. Akwai kuma nau'i na uku, wato tallafin kuɗi da ake ba marubuci yana zaune a gidansa, kuma wannan ya fi dacewa da wadda aiki ko renon yara ba za su bar ta ta yi doguwar tafiya ba. Misali shi ne tallafin gidauniyar Miles Morland ga marubutan Afirka, wanda ke ba marubucin ƙagaggen labari fam 18,000 a cikin wata 12, bisa sharaɗin ya riƙa miƙa sababbin kalmomi 10,000 kowane wata.

Ki kuma lura da cewa ba kowace ƙofa ce mutum ke ƙwanƙwasawa da kansa ba. Buɗaɗɗiyar gayyata ita ce wadda duk wanda ya cika sharuɗɗa zai iya nema kai tsaye. Wasu kuwa sai an gabatar da mutum: kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka, wadda aka fara bayarwa a 2000, mawallafi ne ke shigar da labarin da ya buga, ba marubucin ba.

Tambaya: Malam, ni mai zane ne. Wata cibiya a ƙasar waje ta aiko mini da saƙon imel cewa ta zaɓe ni, amma sai na biya kuɗin masauki da na rajista kafin mako ya ƙare. Ban tuna na taɓa neman gurbi a wurinsu ba. In biya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka biya. Abubuwa biyu a cikin wasiƙarka sun isa su sa ka ja da baya: ba ka nema ba aka ce an zaɓe ka, sannan ana matsa maka da gajeren wa'adi. Cibiyar ƙwarai ba ta gaggauta wa baƙonta a kan kuɗi, kuma ba ta ɓoye sunayen waɗanda suka taɓa zama a cikinta. Biyan irin wannan kuɗi cinikin biri a sama ne.

Sai dai zan yi maka bayani kaɗan, domin kada ka ɗauka duk inda aka ambaci kuɗi damfara ce. Gidajen baƙunci sun kasu ta fuskar wanda ke ɗaukar nauyi. Akwai waɗanda ke biyan komai, daga tikitin jirgi zuwa masauki da alawus. Akwai waɗanda zama a cikinsu kyauta ne amma kuɗin tafiya na wuyanka, sai dai in ka nemi agaji na musamman; MacDowell da Yaddo ba sa karɓar kuɗin zama, ko da yake akwai ɗan kuɗin cike takardar nema. Akwai kuma waɗanda a fili suke cewa baƙo ne zai biya, kamar Vermont Studio Center da aka kafa a 1984, wadda ke da kuɗin zama amma take ware gurabe na kyauta da ake fafatawa a kansu. Duk waɗannan halastattu ne, domin sun bayyana sharuɗɗansu tun kafin ka nema. A ganina, wanda bai yi ƙarfi ba ya fi kyau ya tattara ƙoƙarinsa a kan kashi na farko da na biyu, domin ban ga hikimar cin bashi don a je a yi zane na wata guda ba.

Hanyar tantancewa ba ta da wuya. Ka nemi sunan cibiyar a rumbunan da aka sani, irin su Res Artis, ƙungiyar gidajen baƙunci da aka kafa a 1993, da TransArtists da ke Holand. Ka dubi jerin tsofaffin baƙinta, ka tuntuɓi ɗaya ko biyu daga cikinsu, ka tambaye su abin da suka tarar. Ka karanta yarjejeniyar da kyau, musamman sashen da ya shafi haƙƙin mallaka, domin wasu wurare kan buƙaci mai zane ya bar musu aiki ɗaya, kuma gara ka san haka tun kana gida. Batun biza ma nauyinka ne ka bincika da wuri: gajeruwar bizar ƙasashen Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, kwana 90 take bayarwa a cikin kowane kwana 180, don haka zaman da ya wuce wata uku yana buƙatar wata takarda dabam, kuma cibiyar ce ya kamata ta ba ka wasiƙar gayyata a hukumance.

Tambaya: Na nemi gurbi sau bakwai a cikin shekara biyu, kuma duk amsa ɗaya nake samu, cewa ba a zaɓe ni ba. Na fara tunanin ko sai wanda ya san wani ake ɗauka. Me alƙalan nan suke nema?

Amsa: Malam, na fahimci zafin da kake ji, kuma ba zan ce maka sanayya ba ta taɓa tasiri a ko'ina ba. Amma abin da ya fi yawa shi ne masu nema sun ninka gurabe sau da yawa, har ya zama dole a mayar da ayyuka masu kyau. Ƙin karɓa sau bakwai bai zama hukunci a kan basirarka ba. Abin da ya kamata ka duba shi ne ko takardu iri ɗaya ka riƙa turawa duk wuraren bakwai, domin wannan shi ne kuskuren da na fi gani.

Takardar nema yawanci kashi uku ce: samfurin aiki, da bayanin abin da za ka yi idan an karɓe ka, da taƙaitaccen tarihin ayyukanka. Samfurin shi ne ke ɗauke da mafi nauyi, kuma a wasu wurare akan cire sunan mai nema kafin a miƙa wa alƙalai. Alƙalin da ke da ɗaruruwan takardu a gabansa shafin farko ne ke sa ya ci gaba ko ya ajiye. Saboda haka ka tura abin da ya fi ƙarfi a cikin rubutunka, wanda ka tace shi sau da dama, ko da ba shi ne na baya-bayan nan ba, sai fa in an ƙayyade shekarun da aka yi aikin. Idan an ce shafi goma, kada ka tura sha ɗaya. Mai zane kuma ya kula da hotunan ayyukansa, ya ɗauke su cikin haske mai kyau, ya rubuta girman kowane aiki da kayan da ya yi shi da su da shekarar da ya kammala, domin alƙali hoton yake gani, ba zanen ba.

A wajen bayanin aiki ne mutane da yawa ke faɗuwa. Sukan cika shafi da cewa rubutu shi ne rayuwarsu, ko suna so su kawo sauyi a duniya, alhali kowane mai nema zai iya faɗin haka. Alƙalai suna so su ji takamaiman abu: littafin a kan me yake, babi nawa ka rubuta, nawa suka rage, me za ka iya gamawa a cikin mako shida, kuma me ya sa wannan wurin ne ya dace da aikin. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ke tilasta maka sake rubuta bayanin ga kowace cibiya. Akademie Schloss Solitude da ke Stuttgart a Jamus, wadda aka buɗe a 1990, tana haɗa masu fannoni daban-daban wuri guda. Rijksakademie ta Amsterdam zaman shekara biyu ne na masu zane da sassaƙa da makamantansu. Hedgebrook da ke jihar Washington, tun 1988, gida ne na marubuta mata. Ebedi kuwa tana sa ran baƙonta zai ba ɗaliban sakandare wani ɓangare na lokacinsa. Takarda ɗaya ba za ta gamsar da waɗannan wurare huɗu ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna kayar da mutum. Ka nemi masu ba da shaida a kanka tun saura wata guda, ka aika musu da bayanin aikin don su san abin da za su faɗa. Ka lura da agogon ƙasar da cibiyar take, domin wa'adi da lokacinsu yake rufewa. Ka buɗe littafi ko jadawali ka riƙa rubuta inda ka nema da abin da ka tura, kuma idan cibiya ta yarda a sake nema, ka sake, da sabon samfuri.

Tambaya: Da harshen uwa nake rubutu, kuma mafi yawan sanarwowin da Turanci ko Faransanci suke. Shin ina da rabo a ciki?

Amsa: Kina da rabo, 'yar'uwa, amma sai kin tanadi fassara. Wasu shirye-shiryen sun taƙaita ga harshe ɗaya, kamar tallafin Morland da na ambata, wanda na rubutun Turanci ne. Wasu kuwa ƙofarsu a buɗe take. Gasar gajerun labarai ta Commonwealth, wadda ake buɗewa ranar 1 ga Satumba a rufe ranar 1 ga Nuwamba, shigarta kyauta ce, tana karɓar labarin da ba a taɓa bugawa ba mai kalmomi 2,000 zuwa 5,000, kuma tana amsar labarin da aka fassara zuwa Turanci daga kowane harshe. Gidajen baƙunci da dama ma ba su damu da harshen da za ki yi aiki da shi ba idan kin isa. Abin da suke buƙata shi ne samfurin da alƙalansu za su iya karantawa.

Shawarata ita ce ki zaɓi shafi goma sha biyar zuwa ashirin mafi kyau a cikin rubutunki, ki nemi mai fassara wanda ya san adabi, ku zauna tare ku bi shi jimla bayan jimla. Kada ki dogara da fassarar na'ura ita kaɗai, domin takan kashe karin magana da salon da ya sa rubutun ya zama naki. Ki ambaci sunan mai fassarar a cikin takardar, ki haɗa da asalin rubutun idan an ba da dama, sannan ki faɗa a fili cewa da harshenki za ki ci gaba da aikin. Wannan fassara guda za ta yi miki amfani a nema da yawa, sai dai ki riƙa duba adadin shafukan da kowace cibiya ta ƙayyade kafin ki tura.