Tambaya da Amsa: Ina son fita hawan dutse ni kaɗai, ina zan nufa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya jama'a. Ni ɗalibi ne a Manchester, tun da na zo ƙasar nan ba abin da ya shiga raina irin yawon kan duwatsu, na sha hawa Mam Tor da Kinder Scout ni da abokai amma yanzu kowa ya duƙufa kan karatu ba mai lokacina, ni kuma wallahi zaman ɗaki ya ishe ni. So nake in fita ni kaɗai wuni guda, kuma ba tafiyar ƙafa zalla ba, so nake in ɗanɗana irin hawan nan da ake kama dutse da hannu ba igiya. Wani ya ce in tafi Crib Goch kawai wai wanda bai hau shi ba bai yi komai ba. Don Allah ina ya dace in fara? Ba ni da mota.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Shi wannan da ya ce ka fara da Crib Goch, ka tambaye shi ko zai raka ka, in ya fara kame-kame to ka gane.

A Birtaniya irin wannan hawan mataki uku aka kasa shi, na 1 hannu da ƙafa sun isa, na 2 akwai wuraren da mutane da yawa ke son igiya, na 3 kuwa ya kusa zama hawan ƙwararru. Crib Goch a takarda mataki na 1 ne, shi ya sa yake yaudarar mutane, don lambar wahalar kama dutsen take aunawa, ba ruwanta da zurfin ramin da ke gefenka. Siririn doro ne a tsayin mita 923 a hanyar zuwa Yr Wyddfa, dutsen da aka fi sani da Snowdon a Wales, kamar tafiya a kan katanga ce hagu rami dama rami, kuma da zarar ka shiga tsakiyarsa ba wata hanyar zillewa ta gefe, ko dai ka ƙarasa ko ka koma ta inda ka fito. Mai tafiya shi kaɗai hanyar da zai iya fasawa a kowane lokaci yake nema, wannan kuwa ba ta cikinsu. Ka ajiye shi tukunna.

Tunda ka san Kinder Scout, can za ka koma amma ta wata ƙofar. Ka shiga jirgin ƙasa daga Manchester Piccadilly zuwa Edale, bai kai awa ɗaya ba, ka bi ƙoramar Grindsbrook Clough har sama. Da farko hanya ce lafiya lau, can gaba sai kwazazzabon ya tsuke ka fara taka manyan duwatsu ruwa na bi ta tsakaninsu, nan ne za ka fara sa hannu, kuma in ka ji abin bai kwanta maka ba juyawa kawai za ka yi ba asarar komai. Abin da nake so ka yi a nan, duk dutsen da ka hau ka dakata ka sauko shi ka sake hawa. Mutane za su ɗauka wani abu ka yar, ƙyale su. Saukowa ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba saboda ba ka ganin inda ƙafarka za ta dira, kuma yawancin masu maƙalewa a dutse abin da suka hau ne suka kasa sauka. In ka kai sama ka bi bakin tsaunin, kar ka ratsa tsakiya, fili ne na baƙar taɓo da in hazo ya sauko ko'ina iri ɗaya yake.

In wannan ya yi maka daɗi, fita ta gaba Lake District, yankin duwatsu da tafkuna a arewacin Ingila. Jirgi zuwa Penrith, bas zuwa Glenridding, ka hau Helvellyn mai mita 950 ta Striding Edge ka sauko ta Swirral Edge, tafkin Red Tarn na ƙasanka a tsakiya. Ni a wurina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da mai fita shi kaɗai karon farko, don a yawancin doron akwai 'yar hanya ƙasa kaɗan da kaifin da za ka iya komawa kanta in gabanka ya faɗi, sannan ranar Asabar mai kyawun yanayi jama'a ba sa yankewa. Wurin da ke tsayar da mutane yana kusa da ƙarshe, wata 'yar tsaga ce da sai ka juya ka fuskanci dutse ka sauka da baya, a nan za ka gode wa atisayen Grindsbrook. Da ka ƙarasa sama za ka ga dutsen tunawa da Charles Gough, wani matashi da ya zo daga Manchester ɗin nan taku a 1805, ya faɗi a wurin daga shi sai karensa, sai bayan wata uku wani makiyayi ya tsinci gawarsa karen na nan kusa da ita. Ba don in tsorata ka na kawo shi ba, so nake kafin ka fita ka tura wa mutum ɗaya sunan hanyar da za ka bi da lokacin da in bai ji ka ba zai kira 999, kuma in ka faɗa kar ka canja hanya a tsakiya don ka hango wani tsauni ya burge ka.

Blencathra ma tana kusa, mita 868, amma ta Hall's Fell za ka bi daga Threlkeld, ka bar doronta na Sharp Edge don dutsenta in ya jiƙe santsi ne da shi na fitar hankali. Tryfan ta Wales kuwa matsalarta gane hanya, kaucewa kaɗan sai ka tsinci kanka a abin da ya fi ƙarfinka, wannan sai da wanda ya santa.

Lissafin lokaci akwai tsohuwar ƙa'idar Naismith ta 1892, awa ɗaya ga kowane kilomita 5 sannan ƙarin awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Zagayen Helvellyn wajen kilomita 12 ne da hawan kusan mita 900, lissafi ya ba ka awa huɗu, amma Naismith bai sa hutu da layin jira a kan doro ba, kai ka ɗauka shida. Ka haɗa wannan da faɗuwar rana, a Disamba kafin ƙarfe 4 ta faɗi, da kuma bas na ƙarshe. Ka duba hasashen yanayin duwatsu na MWIS (masu hasashen yanayin duwatsu) ko Met Office (hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya) ba na cikin gari ba, sanyi na ƙaruwa kusan digiri ɗaya duk mita 150 da ka hau, in an ce iska mai ƙarfi ko ƙanƙara ta kwanta a doron to ranar ba ta hawa da hannu ba ce, ka je ƙaramin dutsen Cat Bells kusa da Keswick ka sha iska ka dawo. A jaka: rigar ruwa, rigar sanyi, safar hannu, fitilar goshi, taswirar takarda da kamfas, abin cajin waya, ruwa da abinci, sai usur. In abu ya faru 999 za ka kira ka nemi 'yan sanda ka ce masu ceto na dutse kake so, 'yan sa-kai ne. Tun a gida ka yi rajistar lambarka da tsarin tes na 999, wani lokaci sabis ba ya ɗaukar kira amma tes na fita. Alamar neman ɗauki busa shida, ka jira minti ɗaya, ka sake.

TAMBAYA: Malam ni matsalata da na hau wuri mai tsayi sai ƙafata ta kama rawa in kasa gaba in kasa baya. Ko dai in haƙura?

AMSA: A'a 'yar'uwa, wannan har ƙwararru yana kama su. Yawanci kan yatsu kike tsaye ƙwabrin ya gaji ga tsoro, ki sauke diddigenki ƙasa ki ja numfashi a hankali za ki ji ta lafa. Kar ki manne da dutsen, in kin rungume shi ba ki ganin ƙafarki kuma takalmin ya fi zamewa, ki ɗan ja jiki baya nauyinki ya sauka kan ƙafa. Gaɓa ɗaya kawai za ki motsa a lokaci guda sauran ukun na riƙe, duk dutsen da za ki kama ki ɗan bubbuga shi tukun ki ji ko yana motsi, kuma ban da hawa da gwiwa. Ki fara a duwatsun da ba su fi tsayinki ba, ki yi ta hawa da sauka har hannunki ya saba, sannan ki nemi mai raka ki Striding Edge ranar da ba iska.