Giya da abinci a Jos: amsa ga ɗan'uwa daga Kano

Malam, ka tambayi yadda mu Hausawan Jos muke kallon dokokin gwamnati kan giya da abinci, tunda Filato ba jihar Shari'a ba ce. Haka ne, ba mu da Hisba mai fasa kwalabe irin taku. Unguwa ce ke tsare kanta. A Anguwar Rogo ko Gangare da wuya mai gida ya ba da hayar shago a buɗe mashaya, amma burukutun dawa da maƙwabta ke dafawa a nasu ɓangaren ba ma sa musu baki.

Inda bakinmu ya zo ɗaya da na Kiristoci shi ne giyar leda. A 2018 aka ba kamfanoni wa'adin shekara 5 su daina yin ta, sannan a Fabrairun 2024 NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta fara kamen giyar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Ƙungiyoyin ƙwadago suka fito zanga-zanga don gudun rasa aiki, aka ɗaga ƙafa. Iyaye a nan ba su ji daɗin hakan ba, kuma suna da gaskiya. Leda ba tsada, tana ɓuya a aljihu, yaron da kunya ba za ta bar shi ya shiga mashaya ba sai ya saye ta a teburin tasha. Goskolo, wata barasa mai ƙarfi, ya fi ta sharri, don haɗin gida ne, ba ma'auni, kuma in aka zuba sinadarin metanol yana makantar da mutum ko ya kashe shi.

Harajin lemon kwalba na naira 10 a lita kuwa, ba wanda ya ji shi. Naira 5 ce a kwalbar rabin lita.

Sakacinmu yana wajen man girki. Doka ta wajabta sa bitamin A a man gyaɗa, sukari da fulawa, shi ne alamar ido da kake gani a jikin mazubin. To amma yawancin gidaje man awo suke saye, wanda aka juye daga jarka zuwa farar kwalba aka jera a rana a bakin kasuwar Terminus, alhali hasken rana yana lalata bitamin ɗin. Mai hali ya sayi rufaffe ya ajiye a inuwa. Gishiri ma haka, in ya zauna a buɗe cikin damshin damina sinadarin aidin da aka sa masa yana raguwa, sai a zuba shi a gwangwani mai murfi nesa da murhu.