Ga ƙanena mai tambaya a kan mutuwar kajinsa da labarin cutar aladu

Assalamu alaikum. Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri, ya tsare abin da ya rage. Ka ce cikin kwana biyu kaji arba'in da ɗoriya sun mutu a cikin ɗari uku da kake kiwo, kuma a daidai wannan lokaci wani saƙon murya yana yawo a wayoyin mutane cewa aladu suna mutuwa a wasu ƙasashe da cutar da ba a gane kanta ba, har ana tsoron murar tsuntsaye ta fara kama 'yan Adam. Kana tambaya ko ka yanka sauran ka kai kasuwa tun ba su ƙare ba, da kuma ko iyalinka suna cikin haɗari. Ina roƙonka don girman Allah kada ka yanka, kada ka sayar, kuma kada ka bar yaro ko ɗaya ya taɓa waɗanda suka mutu. Ni na yi abin da kake shirin yi, kuma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Shekara huɗu ke nan, a tsakiyar hunturu, ina da kaji ɗari biyar masu ƙwai a wani fili da na kewaye a hanyar Madarunfa. Wani dillali da muka yi shekara bakwai muna ciniki, wanda ya ci abinci a gidana ba sau ɗaya ba, ya kira ni bayan sallar isha'i ya ce yana da kaji tamanin masu shirin fara ƙwai, mai su yana neman kuɗi da gaggawa, zai bar mini kowace a kan jika biyu da rabi alhali a lokacin ba a samunsu ƙasa da jika huɗu. Da dare ya kawo su a amalanke, a lulluɓe da buhuna. Na haska su da fitilar waya na ga biyu sun yi lamo, na tambaye shi, ya ce gajiyar hanya ce da sanyi, ya rantse mini da Allah cewa lafiyarsu ƙalau. Daga baya yaron da ya tuƙo amalanken ya faɗa mini da bakinsa cewa sun jefar da matattu goma sha ɗaya a cikin wani kwazazzabo kafin su iso wurina, kuma dillalin ne ya ce masa ya kama bakinsa. Mutumin nan ya san abin da ya ɗauko. Ya san ina da yara ƙanana, domin yakan kira su da sunayensu ya ba su alewa. Da na je na same shi bayan komai ya lalace, ko kunya bai ji ba, ya ce mini ciniki ya riga ya faɗa kuma kowa da ƙaddararsa. Na yarda da ƙaddara, amma wanda ya ga wuta ya turo ta gidan ɗan'uwansa saboda ribar 'yan jikkuna, Allah ne zai yi mana hisabi da shi. Har yanzu yana nan yana wannan sana'a, ina ganinsa yana wucewa a kan babur da kejin kaji a bayansa.

A safiya ta uku na buɗe ɗakin kajin na tarar da sittin a kwance. Wasu sun mutu a bakin mazubin abinci da tsaba a bakinsu, ba su ko rame ba. Kawunansu sun kumbura, zankonsu ya koma shuɗi-shuɗi kamar an shafa masa baba, ƙafafunsu da jajayen tabo kamar an ƙuje su, kashinsu kuma kore ne mai ruwa. Duba naka da kyau ko za ka ga waɗannan alamu, amma ka sa safar hannu ko leda, ka rufe hancinka da bakinka. Cutar Niyukasil da muka saba da ita kowane hunturu tana kama da wannan ƙwarai, har likitocin dabbobi ba sa yanke hukunci da ido sai an kai samfuri ɗakin bincike, shi ya sa babu wanda zai iya gaya maka ta waya cewa naka ba murar tsuntsaye ba ce.

Game da aladu kuwa, ka kwantar da hankalinka kaɗan, domin ba kowace cutar alade ce take da alaƙa da murar tsuntsaye ba. Wadda ta fi kashe su ita ce zazzaɓin aladu na Afirka, wadda ta shiga Sin a 2018 ta yi ɓarna mai yawa, ta kuma halaka ɗimbin aladu a wata babbar gona kusa da Legas a 2020, kuma wannan ba ta kama mutum. A 2005 ma an yi irin wannan firgici a lardin Sicuwan na ƙasar Sin, inda aladu suka riƙa mutuwa, mutane fiye da 200 suka kamu, kusan 40 suka rasu, aka yi ta zargin murar tsuntsaye, sai bincike ya nuna wata ƙwayar bakteriya ce ta aladu, kuma waɗanda suka kamu yawanci masu yanka da feɗe dabbobin da suka kamu ne. Abin da ya sa masana suke sa ido a kan alade shi ne jikinsa yana karɓar murar tsuntsaye, yana kuma karɓar murar mutane, don haka idan biyun suka haɗu a cikinsa suna iya musayar kayan halitta su haifar da sabuwa mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane. Murar da ta ɓulla a Meziko a 2009 ta zagaye duniya tana ɗauke da gaurayen ƙwayoyin murar alade da ta tsuntsu da ta mutum. A Amurka an sami H5N1, wato wani nau'in murar tsuntsaye, a shanun madara a watan Maris na 2024, aka kuma same ta a jikin alade a jihar Oregon a watan Oktoba na 2024. Saboda haka tsoron yana da tushe. Amma mu a Maraɗi ba kiwon alade muke yi ba, kuma abin da yake kusa da 'ya'yanka yau shi ne kazar da ke kwance a bayan ɗakinka.

Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka, a wata gona da ke Jaji cikin jihar Kaduna, kuma kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya ta jihar Damagaram. A 2015 an sake tabbatar da ita a wata gonar kaji nan Maraɗi. Kowa ya san yawan kaji da ƙwai da ke ratsa hanyar Jibiya da Ɗan Isa kullum, ga kuma tsuntsayen ruwa da ke sauka a tafkin Madarunfa lokacin sanyi.

Ranar da na ga sittin ɗin nan, hankalina bai je wurin likitan dabbobi ba, ya tafi wurin bashin abincin kaji da ake bina. Na ɗauki wuƙa na yanka waɗanda suka fara layi, wajen talatin, na kai gida a buhu na ce a gyara. 'Yata ta uku, tana da shekara bakwai a lokacin, ita ta zauna kusa da mahaifiyarta tana figa, gashin kaji ya manne mata a hannu da goshi, tana murna za a soya mata ƙundu. Bayan kwana biyu da tsakar dare jikinta ya yi zafi kamar garwashi, tana tari, tana kiran sunana. A wannan yammacin ne likitan dabbobi ya zo gonar, ya ce alamun na murar tsuntsaye ne, ya tambaye ni ko wani ya taɓa su, na yi shiru. Na saɓa ta a kafaɗa na fita titi babu abin hawa, na yi tafiya mai nisa a cikin sanyi kafin na sami ɗan kabu-kabu. A kan babur ɗin ina jin numfashinta a wuyana, ina ƙirga shi, ina cewa a zuciyata ni ne na kawo mata wannan da hannuna saboda kada in yi asarar kaza talatin. Mahaifiyarta ba ta ce mini komai ba a daren nan, kuma shirunta ya fi mini zafi a kan kowace magana. Da aka auna jininta aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ta warke cikin kwana huɗu, amma an ce mu sa ido a kan duk wanda ya taɓa kajin har kwana goma, kuma a kwana goman nan ban yi barcin kirki ba, duk wanda ya yi tari a gidan sai na tashi zaune.

Ba kasafai cutar take kama mutum ba, kuma har yanzu ba ta iya yaɗuwa cikin sauƙi daga mutum zuwa mutum, wannan gaskiya ne kuma rahama ce. Sai dai idan ta kama ba ta da sauƙi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutanen da aka tabbatar sun kamu da H5N1 tun daga 2003 sun haura 900, kuma kusan rabinsu sun rasu. A Masar, inda aka fi samun masu kamuwa, da yawansu mata ne da yara masu kula da kajin gida. A Legas wata matashiya ta rasu da ita a watan Janairu na 2007. Dafa nama har ya nuna sosai yana kashe ƙwayar, haɗarin yana wajen yanka da figa da fitar da kayan ciki, wato aikin da muke miƙa wa matanmu da 'ya'yanmu.

Gobe da sassafe ka je ofishin ma'aikatar kiwo ka sanar, kada ka jira wani ya kai ƙararka. Na san tsoron da ke ranka shi ne a zo a kashe sauran, ni ma shi ya hana ni, kuma duk da haka cikin mako guda kaza goma sha huɗu kawai suka rage mini. Matattun ka haƙa rami mai zurfi ka zuba su, ka barbaɗa farar ƙasa ka rufe, kada ka jefa su a bola ko a gulbi inda karnuka da angulaye za su ja su. Idan kana da agwagi ko zabi ka raba su da kajin, domin agwagwa tana iya ɗauke da cutar tana yawonta lafiya. Kashin kajin ma kada ka sayar wa masu lambu yanzu, ƙwayar tana daɗewa a cikinsa lokacin sanyi. Takalmin da kake shiga ɗakin kaji da shi ya tsaya can, ka ajiye ruwan jabel a bakin ƙofa, kuma kwalayen ƙwai da ke dawowa daga kasuwa ka ƙone su. Ni yanzu ko ɗan'uwana na jini ne ya kawo mini kaza sai ta yi mako uku a keɓe kafin ta ga sauran, kuma ba na sake karɓar kaya da dare daga hannun kowa.

Ba ka faɗa mana ko ka shigo da sababbin kaji a makonnin nan ba, ko wani dillali ya shiga ɗakin kajinka da takalminsa. Ka tuna da kyau, domin likitan zai tambaye ka, kuma maƙwabtanka masu kiwo suna da haƙƙin su sani tun yau. Idan kuwa an riga an yanka wasu a gidanka, ka rubuta sunan duk wanda ya taɓa su da ranar da ya taɓa, kuma duk wanda ya yi zazzaɓi ko tari ko jan ido ka kai shi asibiti a ranar, ka faɗa wa likita da bakinka cewa ya taɓa kaji marasa lafiya, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a cikin kwana biyun farko. Ka rubuto mana gobe da yamma mu ji yadda kuka kwana da abin da ma'aikatan kiwo suka ce. Allah ya ba ka haƙuri, ya tsare maka yaran.