Daga Jidda: Shin in bar WhatsApp in koma sabon dandali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, ina sayar da abaya da turaren wuta ga mutanen Kano da Damagaram ta WhatsApp. Ɗana ya matsa mini in koma Signal, wai ta fi rufin asiri, ya kuma buɗe mini Threads. Shiru kake ji, ko mai taya kaya babu. In daure ko in koma inda na saba?

Amsa: Wa alaikumussalam, Hajiya. Yaronki bai yi ƙarya ba. Signal ta wata ƙungiya ce da ba riba take nema ba, kuma ba ta tara bayanan mutane domin talla. Sai dai dandalin sada zumunta kamar kasuwa yake: komai kyan rumfa, in mutane ba su ci kasuwar ba, mai kaya zai wuni shi kaɗai.

Kafin ki amfana da Signal, sai mai sayen abayarki a Kano ta sauke ta. Ita kuma ba za ta sauke ba sai ta ga ƙawayenta da gurup ɗin danginta a can. Kowa yana jiran wani ya fara. Ga tsadar data a gida, ga wayoyin da suka cika maƙil da hotuna, wa zai ƙara manhaja saboda mutum ɗaya?

Ko masu kuɗi wannan ya kayar da su. Google ya buɗe Google+ a 2011 don ya kara da Facebook, a 2019 ya rufe shi. A Janairun 2021, da WhatsApp ya sauya ƙa'idojinsa na sirri, miliyoyi sun ruga Signal da Telegram, amma mafi yawansu ba su goge WhatsApp ba, domin dangi suna can. Threads kuwa ya tara mutum miliyan 100 cikin kwana 5 a Yulin 2023 saboda jama'ar Instagram ya gada. Kuma wurin gajerun rubutu ne, masu cinikinki ba nan suke neman kaya ba.

Ki dubi imo, manhajar kiran murya da bidiyo, a nan Saudiyya. An shafe shekara da shekaru kiran WhatsApp ba ya tafiya, mutum kuma yana son jin muryar mahaifiyarsa, sai baƙi suka rungumi imo, danginsu na gida suka bi sahu. Buƙatar da tsohon dandali ya kasa biya ita ce ke jan jama'a.

Shawarata, ki bar cinikinki a WhatsApp, ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ki jera kayanki da farashinsu a ciki. Signal ki bar ta don ke da yaranki, musamman wajen tura hoton iƙama (katin izinin zama) ko fasfo. Lambobin masu cinikinki kuma ki rubuta su a littafi, ko da wata rana an rufe miki asusu.