Wace mota zan saya in kwana a ciki daga Tarifa zuwa Dakhla?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina zaune a kudancin Sifaniya, ina wasan kait a teku, wato in hau allo a kan ruwa wata babbar lema da iska ke kaɗawa tana ja na. Na tara Yuro 7,000 ina son sayen tsohuwar motar ɗaukar kaya in mai da ita ɗaki, in fara daga garin Tarifa da ke nan kudancin Sifaniya a watan Nuwamba, in tsallaka Maroko har garin Dakhla da ke bakin teku can kudu cikin hamada, wata biyar gaba ɗaya. Lemomina uku, alluna biyu. Abin da ke hana ni barci shi ne kada dillali ya cuce ni motar ta mutu mini a hamada. Hita kam ba zan saya ba, wani abokina ya ce kurfoti ya isa in dai an bar gawayin ya zama garwashi babu hayaƙi, ga shayi ga ɗumi. Wace mota ta dace da kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Zan ba ka amsar motar, amma ka sani ba ita ce ta tayar mini da hankali a wasiƙarka ba.

Da wannan kuɗin, nemi Fiat Ducato, Peugeot Boxer ko Citroën Jumper, mai matsakaicin tsawo da dogon rufi, wato L2H2. Bodinsu ɗaya ne, masana'anta ɗaya ke ƙera su a Italiya, kuma cikinsu ya fi na sauran faɗi, kusan mita 1.87, don haka gadonka zai kwanta a gicciye, ƙarƙashinsa ya zama ma'ajiyar lemomi da alluna ta ƙofar baya. Renault Master ma ba laifi, kayan gyaran Renault ba sa wuya a Maroko. Volkswagen T4 da T5 kuwa sunan ake saya, kuma ba za ka iya miƙewa tsaye a yawancinsu ba. Mutumin da zai cire jiƙaƙƙiyar rigar ruwa kullum har wata biyar yana bukatar ya miƙe. Tsohuwar Sprinter injinta na da ƙarko, amma tsatsa na cin bodinta. Fo-wil ba ka bukatarta, kwalta ce har Dakhla. Kada dai ka bi wasu ka gangara bakin ruwa inda yashi ke da laushi.

Kada ka kashe fiye da 5,000 a kan motar kanta. Sauran na tayimin bel da famfon ruwa, da tayoyi, da batir, da abin da zai ɓullo. Kuma zai ɓullo. Idan mai mota ya ce an canza bel, ka ce ya nuna rasit, in babu to ba a canza ba. Je ka duba ta da safe injin na sanyi, ka shiga ƙarƙashinta da tocila da sukundireba ka caki shasi. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota ɓoye wani abu ake yi. Tsakanin Agadir da Dakhla ya haura kilomita dubu, gareji kuma nesa-nesa, saboda haka ka riƙe filtar dizal, da bel ɗin fanka, da safaya mai kyau. Lemomi kuma kada ka bar su a rufaffiyar mota cikin rana, zafi na ɗaye gam ɗin bawul ɗin da ake hura musu iska ta nan.

Takardu ne ke ba ni haushi, amma dole. A Sifaniya motar kaya da ta wuce shekara 10 duk wata shida ake kai ta ITV, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, to ka yi sabo daf da tafiya. In ka ɗaure gado da kabad da kusoshi a jikin mota, za su ce ka sauya mata fasali sai ka biya injiniya. In ana iya cire su, kaya ne ka ɗauko. Dizal ta kafin 2006 ba ta samun sitikar muhalli, wasu manyan garuruwa za su hana ka shiga tsakiyarsu. Ka tabbata koren katin inshorarka, wato takardar inshorar mota ta fita ƙasashen waje, ya haɗa da Maroko. Kwastan na can suna ba mota wata shida a shekara kuma suna ɗaure ta da fasfonka, amma kai mutum kwana 90 ne iyakarka in ba ka nemi ƙari ba, sai ka tsara wata biyar ɗinka a kan haka. Katin zama na Sifaniya ba biza ba ne, mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Maroko.

Yanzu ga maganar kurfoti.

Ƙanena, abokin nan naka ya ba ka shawarar da ke kashe mutane. Kusan duk wanda ya kawo mini mota a haɗa masa gado sai na ji wannan magana daga bakinsa, har na gaji da maimaita amsa. Hayaƙin da kake gani yana sa ka tari da hawaye, shi ne ma mai tausayi, domin yana korar ka waje. Abin da ke kisa wata iska ce, kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Jan garwashin da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita har ya zama toka. A ce "a jira hayaƙin ya ƙare" daidai yake da a ce a jira mai gargaɗi ya tafi.

In ka shaƙe ta, tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar numfashi fiye da sau 200, sai jinin ya ci gaba da zagaya jiki ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata ba. Farko ciwon kai, sai jiri, sai tashin zuciya, sai kasala mai nauyi da jin barci. To ka duba halinka. Ka wuni a ruwa lema na jan ka, rana ta doke ka, hannuwa sun mutu, sanyi ya shige ka. Ciwon kai da kasala su ne abin da kake ji kowane dare. Za ka ce gajiya ce, ka ja bargo. Wanda ta kama yana barci ba ya farkawa ya yi shawara, wanda ya farka kuma sau da yawa ƙafafunsa ba sa kai shi ƙofa. Wasu da aka ceto sukan zauna da mantuwa da ruɗewa na tsawon lokaci.

Mun san wannan tun daga gida. Duk hunturu sai an ji labarin iyalin da suka shiga da kaskon rushi ɗaki, ko suka kwana da janareta a zaure, aka wayi gari ana salati. Wancan ɗaki ne. Cikin motarka duka bai wuce kubik mita 12 ba, kuma an rufe ƙofofinta da roba don kada iska ta shiga.

Sai dabarun baragurbi. Wai a ajiye kwanon ruwa kusa da wuta ya zuƙe gubar. Wai a yanka albasa. Wai a zuba gishiri a kan garwashi. Babu ɗaya da ke rage komai. Wai a sassauta gilashi kaɗan. Na ji, amma ranar da Levante, iskar gabas mai ƙarfi, ta taso a Tarifa tana jijjiga mota tana watso yashi, kai da kanka za ka tashi cikin magagi ka rufe shi. A Dakhla ma haka iskar arewa take, ita ce ma ta kai ka can. Wasu sun bar gawayi sun koma kunna rishon gas su bar shi yana ci har safe, ko don su busar da rigar ruwa. Shi ma in iskar ɗaki ta ragu haka yake fitar da gubar, ga shi yana ƙara tururi, ka tashi rufi na ɗiga katifa ta yi ɗanshi. Wasu kuma su bar injin a kunne su kwanta, a tsohuwar motar da salansarta ta ɓule, iska na mayar da hayaƙin ƙarƙashin gado.

Abin da za ka yi shi ne wannan. Bargo mai kauri da jakar barci ta kirki sun isa yawancin dararen kudancin Maroko. Tarifa a Disamba da Janairu akwai ruwan sama da ɗanshi, a nan hitar dizal ke da amfani, irin su Webasto da Eberspächer, ko na China masu araha. Ita wutarta a rufe take, tana jan iska daga waje tana fitar da hayaƙi waje. Amma wanda ya san aikin ne zai ɗaura ta. Na sha kwance aikin wasu da suka bar mahaɗin salansa a cikin mota, ko suka ƙare bututun a tsakiyar ƙasan mota maimakon ya leƙo gefe. In za ka tsaya, juya motar yadda iska za ta kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi, nesa da taga.

Ko da hita ko babu, ka sayi ƙararrawar kabon monoksaid kafin ka sayi katifa. Kuɗinta bai kai na cika tanki ɗaya ba. Nemi mai lambar EN 50291-2, ita aka yi wa motocin kwana da jiragen ruwa. Maƙala ta kusa da inda kanka ke kwanciya, ka danna maɓallin gwaji duk mako, ka duba ranar ƙarewarta a baya, domin tana tsufa. Ƙararrawar hayaƙi daban ce, ba ta jin wannan iskar. Tukunyar gas kuma ta zauna a akwati mai huda a ƙasa, saboda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake taruwa, kuma ka rufe kanta duk dare. Kan tukunyar Sifaniya da na Maroko ba iri ɗaya ba ne, sayi regileta ta can, kada ka bari wani ya haɗa maka da tiyo da waya.

Shayinka ka dafa shi a waje, a bayan mota inda iska ba ta bugu, kuma kurfotin ya kwana a waje ko da ka ga kamar ya mutu. Idan ƙararrawa ta yi kuka, ko kai da wani da kuka kwana tare a motar kuka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya, kada ka tsaya neman dalili. Buɗe ƙofa ka fita, ka jawo na tare da kai, ku nufi asibiti ku ce kuna zargin kabon monoksaid don a sa muku oksijin, ko da kun ji sauƙi a hanya. A Sifaniya lambar gaggawa 112 ce.